Yafewa ko Gyaran Yarjejeniya: Wanne Kamfani Zai Nema Idan Ya Saɓa Sharaɗin Bashin Haɗakar Bankuna?

A ɗauka akwai wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa, cikin Kano, wanda ya karɓi bashin dala miliyan 40 daga bankuna biyar ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, ɗaya daga cikinsu yana matsayin wakili, wato ta hannunsa saƙo da kuɗi suke bi tsakanin kamfanin da sauran. Cikin alkawuran da kamfanin ya ɗauka akwai cewa bashin da ke kansa ba zai wuce ninki uku da rabi na ribar aikinsa ta shekara ba, kuma za a riƙa aunawa duk bayan wata uku. Lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, bashin ya kama naira biliyan 18.4, ribar kuma biliyan 7, saboda haka ma'aunin yana kusan 2.6, babu mai fargaba. Bayan an saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta kai kusan naira 900 a ƙarshen shekarar, bashin ya koma biliyan 36 ba tare da an ƙaro ko sisi ba. Ko da ribar ta hau zuwa biliyan 9, ma'aunin ya zama 4. Kamfanin bai taɓa fashin biya ba, injinansa suna aiki, amma a takarda ya saɓa.

Daraktan kuɗi na irin wannan kamfani yana da manyan hanyoyi biyu. Ko dai ya roƙi bankunan su yafe wannan saɓawar, yarjejeniya ta ci gaba yadda take, ko kuwa ya nemi a zauna a gyara sharaɗin kansa. Galibi an fi ruga wa ta farko domin ta fi sauri da arha, kuma ba ta tilasta wa kowa ya buɗe littattafansa gaba ɗaya. A ganina wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane, domin ba tsada ce ta raba hanyoyin biyu ba, abin da kowace take warkarwa ne ya raba su, kuma ba a gane wannan sai an karanta wasu 'yan kalmomi na yarjejeniyar da natsuwa.

Yawancin manyan basussukan haɗaka da kamfanonin Najeriya suke karɓa an gina su ne a kan samfurin ƙungiyar kasuwar basussuka ta Landan, LMA, wadda aka kafa a 1996, kuma da yawa daga cikinsu, musamman na dala, dokar Ingila ce take hukunta su. Wannan samfuri ya raba saɓawa gida biyu. Akwai abin da zan kira somin saɓawa, wato abin da ya faru wanda zai zama cikakkiyar saɓawa idan wa'adin sassauci ya ƙare ko aka aiko da sanarwa, sannan akwai cikakkiyar saɓawar kanta. Somin saɓawa yakan isa a hana kamfani ciro sabon kuɗi daga abin da ya rage na bashin, kuma wajibi ne kamfanin ya sanar da wakili da zarar ya sani. Cikakkiyar saɓawa kuwa ita ce take ba bankuna damar soke alkawarinsu, su kira bashin gaba ɗaya, wato su nemi a biya su duka nan take, su waiwayi jingina. Abin lura shi ne ba kowane alkawari ne yake da wa'adin sassauci ba. Jinkirin biya yakan samu 'yan kwanaki ne kawai idan kuskuren ofis ko tangarɗar na'urar tura kuɗi ce ta jawo shi, ƙananan alkawura kamar miƙa rahoto sukan samu wa'adi idan abin mai gyaruwa ne, amma ma'aunin kuɗi irin na kamfanin Sharaɗa galibi ba shi da wa'adi ko na yini ɗaya.

Daga nan sai kalmar da ta fi kowace nauyi a duk wannan babi, wato wadda take fayyace yaushe za a ce saɓawa tana nan ba ta gushe ba, domin a yawancin yarjejeniyoyi bankuna ba sa iya kiran bashi sai saɓawar tana nan. Samfurin ya bar zaɓi biyu ga masu rubutawa. A na farko, cikakkiyar saɓawa tana gushewa idan an gyara ta ko an yafe ta. A na biyu, ba ta gushewa sai an yafe ta kaɗai. Kamfanin da ya makara kwana shida wajen biyan kuɗin ruwa, sannan ya biya har da tarar jinkiri, ya fita daga haɗari idan yarjejeniyarsa irin ta farko ce. Idan irin ta biyu ce kuwa, ya biya amma har yanzu wuƙa da nama suna hannun bankunan, sai ranar da suka rubuta cewa sun yafe. Ko a irin ta farko ma akwai saɓawar da lauyoyi suke jayayya kan ko tana gyaruwa, domin ma'aunin da aka faɗi a ranar 31 ga Disamba ya riga ya zama tarihi, kuma cin jarrabawar watan Maris ba lallai ya goge faɗuwar Disamba ba sai yarjejeniya ta faɗi haka da bakinta.

Kada kuma a sa rai cewa kotu za ta sassauta lafazi don tausayi. Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Arnold da Britton ta 2015, ta jaddada cewa ba aikin alƙali ba ne ya ceci wanda ya ƙulla cinikin da ya zame masa asara. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a ƙarar da Afreximbank da bankunan Diamond da Skye suka shigar kan kamfanin mai na Najeriya, Shebah, a kan bashin dala miliyan 150, inda ta ƙi karɓar hujjar cewa amfani da samfurin LMA yana nufin bankuna sun ɗora wa kamfanin tsayayyun sharuɗɗansu ne, tun da an yi ciniki a kan rubutun kafin a sa hannu. Idan dokar Najeriya ce take hukunta yarjejeniyar, irin waɗannan hukunce-hukunce ba sa ɗaure kotunanmu, amma alƙalai sukan duba su su ɗauki haske.

Yafewa, a ma'anarta ta wannan fage, ita ce bankuna su amince a rubuce cewa ba za su yi amfani da haƙƙin da wata saɓawa takamaimai ta ba su ba. Kamfani yakan aika wa wakili wasiƙa mai bayanin abin da ya faru da abin da yake roƙo, wakili ya rarraba wa bankuna, kowane banki ya kai gaban kwamitinsa na bashi, a kaɗa ƙuri'a. Yakan zo da kuɗin amincewa da ake biyan waɗanda suka yarda, da kuɗin lauyoyin bankuna, wanda kamfanin ne yake ɗauka. Shi wakili ba mai yanke hukunci ba ne, kuma kotun Ingila ta tabbatar a shari'ar Torre da bankin RBS ta 2013 cewa aikinsa na gudanarwa ne bisa iyakar abin da aka rubuta masa. Saboda haka murmushin jami'in bankin wakili ba ƙuri'a ba ne.

Lissafin ƙuri'ar ya cancanci a tsaya a kansa. A samfurin Landan masu rinjaye su ne waɗanda kasonsu ya haura kashi biyu cikin uku na jimillar bashin, kuma da kuɗi ake ƙirgawa, ba da kawuna ba. Mu ce bankunan nan biyar sun zuba miliyan 12, da 10, da 8, da 6, da 4. Ana bukatar abin da ya haura kashi biyu cikin uku na miliyan 40, wato wajen miliyan 26.7, kafin yafewa ta tabbata. Babban bankin shi kaɗai ba zai iya hanawa ba, domin sauran huɗun suna da miliyan 28, amma mai miliyan 10 da mai miliyan 4 idan suka haɗa kai sun toshe hanya. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wannan rinjayen dai ake bukata kafin a umarci wakili ya kira bashin. Ana iya wayar gari masu son yafewa ba su kai ba, masu son kira ma ba su kai ba, kamfani ya zauna gaba kura baya sayaki, ba a kira bashinsa ba amma an rufe masa famfon ciro kuɗi. A yarjejeniyoyin da aka rubuta bisa al'adar kasuwar New York, abin da ya haura rabi yakan wadatar, wanda a misalinmu manyan bankuna biyu kaɗai sun isa, kuma wannan yana sauƙaƙa yafewa kamar yadda yake sauƙaƙa kira.

Idan rinjaye ya samu, ya ɗaure marasa rinjaye. A shari'ar Redwood da TD Bank ta 2002, wasu masu kaso a bashin wani kamfanin sadarwa na Turai sun yi ƙorafi cewa abin da masu rinjaye suka amince da shi ya fi cutar da su a kan sauran, amma kotu ta ce muddin an yi shi da kyakkyawar niyya, ba don a zalunci wani ɓangare ba, bambancin tasiri kaɗai ba ya rushe shi.

Raunin yafewa shi ne ƙuncinta. Wasiƙar da lauyoyin bankuna za su rubuta za ta ambaci sashe ɗaya da rana ɗaya, ta ƙara da cewa duk sauran haƙƙoƙi suna nan daram. Sau da yawa kuma takan zo da sharaɗi, misali a kawo hasashen shigar kuɗi na wata goma sha biyu cikin kwana talatin, ko a dakatar da rabon riba ga masu hannun jari, kuma idan aka kasa cikawa tsohuwar saɓawar takan farfaɗo kamar ba a taɓa yafe ta ba. Kamfanin Sharaɗa da ya samu yafewar Disamba zai sake komawa da ƙoƙon bara a watan Maris, domin dalar da ta jefa shi ciki ba ta sauko ba, ta ma haura naira 1,400 a cikin 2024, kuma kwamitin bashi da ya ga roƙo iri ɗaya sau uku a jere yakan fara kallon kamfanin da wani ido.

Sai kuma batun lokaci, wanda a nan ne masu lissafin kuɗi suka fi lauyoyi damuwa. A ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 1, wadda kamfanonin Najeriya masu bin tsarin rahoton kuɗi na duniya, IFRS, suke aiki da ita, idan an saɓa sharaɗi a ranar rufe littafi ko kafinta har bashin ya zama abin da za a iya nema nan take, dole a nuna shi gaba ɗaya cikin basussukan da za a biya a shekara ɗaya, ko da bankuna sun yafe bayan ranar. Yafewar da aka sa wa hannu a 20 ga Disamba da wadda aka sa wa hannu a 20 ga Janairu suna iya zama kalma ɗaya, amma ta biyu ba za ta hana odita ya ɗauko naira biliyan 36 ya ajiye a layin da zai tsorata duk mai karanta rahoton ba. Haka nan sauran yarjejeniyoyin kamfanin, na hayar injina ko na wani bashin daban, galibi suna ɗauke da sharaɗin da ke cewa idan wani mai bin bashi ya samu damar kira, ko da bai kira ba, su ma an saɓa musu. Wannan ya sa yafewar da aka nema tun kafin ranar awo ta fi wadda aka nema bayanta daraja nesa ba kusa ba, domin ta farko tana hana damar kiran ta samu tun asali.

Akwai wata hanya ta uku da wasu suke bi ba tare da sun kira ta hanya ba, wato su yi shiru su ga ko bankuna ma za su yi shiru. Bahaushe ya ce shiru ma magana ce, kuma abin mamaki kotunan Ingila sun ɗan yarda da shi, duk da cewa kowace yarjejeniya tana da sashen da ke cewa jinkirin banki wajen amfani da haƙƙinsa ba yafewa ba ne. A shari'ar Tele2 da hukumar gidan waya ta Birtaniya, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2009, hukumar ta samu damar soke kwangila amma ta ci gaba da aiki da ita kusan shekara guda ba tare da ta ce uffan ba, kotu ta ce ta riga ta zaɓi ci gaba, kuma wancan sashe bai cece ta ba. A 2022 aka sake ganin irin haka a shari'ar Lombard da European Skyjets, kan bashin sayen jirgin sama, inda mai ba da bashin ya karɓi biyan da aka makara da shi kuma ya ƙara wa'adi, kotu ta ce ya yafe waɗannan saɓawar da halayyarsa, har layin nan mai cewa duk haƙƙoƙinsa suna nan da yake liƙawa a wasiƙunsa bai amfane shi ba. Sai dai wanda zai jingina da waɗannan shari'o'i ya karanta ƙarshen ta biyun, domin mai ba da bashin ya tsira da wata saɓawa daban wadda bai ma ambata a sanarwarsa ba. Ƙari a kan haka, an ƙarfafa lafazin samfurin LMA ta yadda zaɓin ci gaba da yarjejeniya ba ya tabbata sai a rubuce, kuma bankuna sun koyi aika wasiƙar riƙe haƙƙi mai ambaton saɓawar da sunanta. Wannan hujja ce da lauya yake ɗagawa bayan an shiga kotu, ba abin da darakta zai gina kasafin shekara a kansa ba.

Maganar baka ma haka take. A shari'ar Rock Advertising ta 2018, mai hayar ofis a Landan ya ce ya daidaita da ma'aikaciyar masu ginin ta waya kan sabon tsarin biyan bashin haya, Kotun Ƙoli ta ce tun da kwangilar ta sharɗanta cewa ba a canza ta sai a rubuce da sa hannu, abin da aka yi ta waya bai ɗaure kowa ba. Manajan banki da ya ce wa shugaban kamfani, "Alhaji, kada ka damu, mun san halin da ake ciki," yana iya faɗa da zuciya ɗaya, amma ba shi da ikon ɗaure bankinsa da wannan, balle sauran huɗun.

Gyaran yarjejeniya kuwa yana taɓa tushen matsalar. Maimakon a ce an kau da kai daga faɗuwar Disamba, sai a sake rubuta jarrabawar. Ana iya ɗaga ma'aunin zuwa ninki biyar na tsawon shekara guda sannan a riƙa sauko da shi mataki-mataki, ana iya dakatar da awon na wani lokaci a maye gurbinsa da sharaɗin ajiye wani adadin kuɗi a asusu, ana kuma iya gyara yadda ake juya dala zuwa naira a lissafin, ta yadda za a auna bashin da matsakaicin farashin shekara kamar yadda ribar ta taru a tsawon shekarar, maimakon farashin ranar ƙarshe. Wannan na ƙarshen ƙaramin gyara ne a ido, amma yana rage kaifin faɗuwar naira ta farat ɗaya. Farashin gyara ya fi na yafewa, kuma ba kuɗin amincewa kaɗai ba ne. Bankuna sukan nemi ƙarin riba a kan bashin, ko ƙarin jingina, ko rahoton wata-wata, ko a kawo masu bincike daga waje su duba kamfanin, kuma da zarar an buɗe yarjejeniya kowane banki yakan tuno da sashen da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Abin da yafewa take gamawa cikin makonni, gyara yakan ci watanni.

A nan ne kuma ake cin karo da jerin abubuwan da rinjaye ba ya isa a kansu, sai kowane banki ya yarda. Ɗage ranar biya, rage uwar kuɗi ko kuɗin ruwa, canza kuɗin da za a biya da shi daga dala zuwa naira, ƙara wa banki nauyin abin da ya yi alkawarin bayarwa, sakin mai tsayawa, wato wanda ya lamunce zai biya idan kamfani ya kasa, da taɓa ma'anar masu rinjaye ita kanta, duk suna cikin wannan jeri a bisa al'ada. Gyaran ma'aunin kuɗi ba ya ciki, don haka kashi biyu cikin uku ya wadatar. Amma da zarar kamfani ya haɗa da roƙon a ɗage biyan watan Yuni zuwa Disamba, mai miliyan 4 ya zama daidai da mai miliyan 12. Wasu yarjejeniyoyi suna da maganin wannan, kamar sashen da ke cire ƙuri'ar bankin da bai amsa cikin wa'adi ba, ko wanda ke ba kamfani damar biyan bankin da ya ƙi ko maye gurbinsa da wani, sai dai waɗannan ba sa samuwa sai an saka su tun ran gini. Kuma ko yafewa ba ta kuɓuta daga wannan tarko ba idan saɓawar ta rashin biya ce, domin masu rinjaye suna iya ƙin kiran bashin, amma kason kowane banki bashi ne mai zaman kansa, kuma wanda ranar biyansa ta wuce yana iya neman abinsa.

Haɗarin da ya keɓanta da gyara shi ne na masu tsayawa da jingina. Tsohuwar ƙa'ida ce tun shari'ar Holme da Brunskill ta 1878, inda wani ya tsaya wa mai hayar gona cewa zai mayar da garken tumaki 700 cikin ƙoshin lafiya, daga baya mai gona da ɗan haya suka daidaita a mayar da wani ɗan fili a rage fam goma daga kuɗin haya ba tare da sanin mai tsayawar ba, kotu ta ce an sauke masa nauyi gaba ɗaya. Takardun tsayawa na zamani suna ƙoƙarin toshe wannan ƙofa, duk da haka babu lauyan banki mai hankali da zai bari a sa hannu a gyara ba tare da uwar kamfani ko attajirin da ya tsaya ya sake tabbatar da tsayawarsa a rubuce ba. Idan dangantaka ta yi tsami tsakanin masu hannun jari, wannan sa hannun yakan zama abin ciniki. A Najeriya kuma, idan gyaran ya zo da sabuwar jingina, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 90, ga kuɗin hatimi da ake ƙarawa idan adadin da jinginar ta rufe ya ƙaru. Masu lissafi su ma suna da nasu awon a ƙa'idar IFRS 9, inda canjin da ya kai kashi 10 cikin ɗari na darajar kuɗaɗen da za a biya yake sa a ɗauki bashin a matsayin sabo.

Wani tarkon da yake kama masu gaskiya shi ne sashen gazawar biyan bashi, wanda a yarjejeniyoyi da yawa ya haɗa da fara tattaunawa da masu bin bashi don sake tsara biya saboda matsin kuɗi. Sau da yawa ana cire bankunan yarjejeniyar kanta daga wannan, amma takardar wani mai bin bashin daban ba lallai ta cire su ba. Don haka lafazin wasiƙar farko yana da muhimmanci, kuma wadda ta ce ana neman daidaita ma'auni da sabon farashin canji ba ɗaya take da wadda ta ce kamfani ba zai iya biya ba.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai ɗaga ƙafa, inda bankuna ba su yafe ba, ba su kuma gyara ba, sun dai yi alkawarin ba za su ɗauki mataki ba na wasu makonni ko watanni yayin da ake tattaunawa. Saɓawar tana nan, famfo yana rufe, kuma sau da yawa ana sa kamfani ya amsa laifinsa a rubuce, wanda yake kashe duk wata hujjar da zai iya kawowa daga baya. Akwai kuma damar da wasu yarjejeniyoyi suke ba masu hannun jari su zuba sabon kuɗi cikin 'yan kwanaki a sake lissafin ma'aunin kamar ba a faɗi ba, wadda ba ta bukatar ƙuri'ar kowa, sai dai ana iyakance sau nawa za a yi ta.

Abin da ya faru da Etisalat ta Najeriya ya nuna inda duk waɗannan suke ƙarewa idan ramin ya fi ƙarfinsu. Kamfanin ya karɓi dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya 13 a 2013, naira ta faɗi a 2016, ya kasa biya a farkon 2017, tattaunawar sake tsari ta ci tura, har sai da Babban Bankin Najeriya da hukumar sadarwa ta NCC suka shiga tsakani, masu jarin Abu Dhabi suka fita, aka naɗa sabuwar hukumar gudanarwa, kamfanin ya koma 9mobile a watan Yulin shekarar. Mai samun naira yana biyan dala ba ma'auni kaɗai yake faɗuwa ba, wata rana biyan kansa ne yake gagara, kuma a ranar babu rinjayen da zai wadatar sai kowa ya yarda.

Idan aka ce in zaɓa, tambayar da zan fara yi ita ce ko abin da ya jawo saɓawar zai sake jawo ta a awo na gaba. Rahoton odita da ya makara, inshorar da ta ƙare ba a sabunta ba sai bayan mako biyu, gobarar da ta tsayar da injin wata ɗaya, kuɗin da ya maƙale a hanyar banki, duk waɗannan na yafewa ne, kuma buɗe yarjejeniya saboda su ɓarnar kuɗi ce da gayyato sababbin sharuɗɗa. Haka ma idan saura 'yan watanni bashin ya ƙare, ko ana dab da sayar da wata kadara da za ta rage shi. Amma idan hasashen kamfani da kansa ya nuna zai faɗi awo biyu ko uku masu zuwa, yafewa sayen lokaci ce da tsada, domin za a biya kuɗin amincewa sau uku, kuma kowane zagaye ƙarfin cinikin kamfani raguwa yake yi. Wanda yarjejeniyarsa ta ce saɓawa ba ta gushewa sai an yafe kuwa, ko da gyara zai nema, dole takardar gyaran ta ƙunshi yafewar abin da ya wuce a fili, in ba haka ba zai samu sabon ma'auni alhali tsohuwar faɗuwar tana rataye a wuyansa.

Ga kamfanin Sharaɗa, da ni ne daraktan kuɗinsa, da tun watan Oktoba, ganin inda dala ta dosa, na rubuta wa wakili wasiƙa mai roƙo biyu a rabe. Na farko shi ne yafewar awon 31 ga Disamba tun kafin ranar ta zo, wadda masu rinjaye za su iya bayarwa kafin a rufe littafi, da lafazin da ke cewa ba za a ɗauka an saɓa ba sam, ba wai an saɓa an yafe ba. Na biyu shi ne gyaran ma'aunin da hanyar juya canji, a ba shi har ƙarshen Maris. Ba zan sa batun ɗage ranar biya a cikin ɗayansu ba muddin kuɗin biyan yana nan, domin kada in miƙa wa mai miliyan 4 makullin da ba shi da shi. Kafin wasiƙar ta fita kuma, da na zauna da mai miliyan 12 da mai miliyan 10 ɗaya bayan ɗaya na ji abin da kwamitocinsu za su nema, tun da su biyun da mai miliyan 6 sun kai miliyan 28.